TARIHIN KOYAR DA KIƊA KYAUTA GA 'YA'YAN TALAKAWA A ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Ya ku malamanmu masu daraja da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai, a 'yan shekarun nan ana yawan jin labarin wasu makarantu a ƙasashen waje waɗanda ke tara 'ya'yan talakawa na cikin birane suna koya musu kiɗa kyauta, domin a raba su da zaman banza da miyagun abokai. Wanda duk ya ji wannan labari sai ya ɗauka baƙon abu ne da bai taɓa ratsa ƙasarmu ba. Alhali kuwa ƙasar Hausa ta daɗe da irin tata makarantar, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana yaye ɗalibai ba tare da uban yaro ya biya ko anini ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan makaranta, a ga yadda take, da wanda ke ɗaukar nauyinta, da dalilin da ya sa ta raunana a daidai lokacin da yaranmu suka cika birane. Sa'an nan za mu leƙa maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar da wasu ƙasashe, don mu ga dabarar da suka yi.

Dandali da gona

Mu da muka tashi a ƙasar Shanono mun san yadda ƙauyukanmu suke kusa da juna, gona na haɗe da gona, har kiɗan da aka buga a wannan gari akan ji shi a wancan. A irin wannan wuri, aji na farko na koyon waƙa shi ne bayan uwa. Yaro na jin waƙar raino, da ta daka, da ta niƙa tun bai iya magana ba, kuma lugude a turmi shi ne kiɗan farko da ke shiga kunnensa.

Idan ya tasa sai dandali. Da kaka, in an yi farin wata, 'yan mata na gaɗa suna tafi, babbar cikinsu na bayarwa saura na amsawa, mai kalangu kuma na gefe. Ƙanana na tsaye suna kallo, ba a jima ba sai su ma su shiga da'ira. A cikin gida akwai shantu da kiɗan ƙwarya na mata. Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe, inda yara maza kan haɗa 'yar gangarsu da gwangwani ko bakin fasasshen tulu, su rufe da fata, su bi gida gida. Da damina kuwa ga gayya, mai gangar noma na bin bayan samari yana kiran taken kowa. Duk wannan koyo ne, ko da yake babu mai kiransa da wannan suna. Yaron da Allah ya ba murya ko hannu, a nan ake fara gane shi.

Gidan makaɗi

Wanda zai riƙi kiɗa sana'a, makarantarsa ita ce gidan makaɗi. Wannan tsari tsoho ne ƙwarai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara busa kakaki a Kano. Tun daga wancan zamani fada ke riƙe da gidajen masu tambari da kakaki da algaita, kowane gida da sarautarsa, kuma a kowane daren Juma'a sukan taru a ƙofar fada su yi sara. Haka nan kuma kowace sana'a da makaɗinta: mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, mafarauta na da garaya, manoma na da gangar noma.

Koyon yana da hawa-hawa. Yaro kan fara da ɗaukar kaya, ya bi uban kiɗa zuwa biki ko suna yana rataye da ganga. Daga nan a miƙa masa ƙaramin abin kiɗa irin su kanzagi ko kuntuku, waɗanda aikinsu riƙe kiɗa ne kawai, shi ya sa har gobe Bahaushe ke kiran mai mara wa wani baya ɗan kanzagi. In hannunsa ya faɗa sai a ba shi babbar ganga. In murya gare shi sai ya shiga cikin 'yan amshi, inda zai shekara da shekaru yana karɓi kafin a yarda ya ja waƙa. A cikin wannan zama ne zai koyi gyaran fata da ɗaurin tsirkiya, da yadda ake matse kalangu a hammata har ya yi magana, da yadda ake rufe ƙoƙon goge da fatar guza a ɗaura masa izgar doki. Wajibi ne kuma ya haddace take da kirari da asalin gidajen sarauta, domin makaɗin da ya rikita sunan kakan sarki a bainar jama'a ya jawo wa gidansu abin kunya. Ashe ke nan ɗalibin wannan makaranta yana karanta tarihi da harshe da sana'ar hannu a lokaci guda.

Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo misali ne na wanda ya bi wannan hanya daki-daki. A Bakura aka haife shi, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, kuma tun yana ƙarami yake bin sa gona. Daga baya ya zauna ƙarƙashin wansa Abdu Kurna yana masa amshi, kafin ya ja tasa ƙungiya ta kiɗan kotso, har ya yi wa Sardauna waƙa. Da ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe gidan. Irin wannan reno ne ya fitar da su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru.

To, wa ke biyan kuɗin wannan makaranta? Jama'a ce ke biya. Sarki na ba da riga da doki da hatsi, manomi na ba da dami, mahauci na ba da nama, uwar biki na ba da kuɗi da goro. Uban kiɗa ne ke raba abin da aka samu, ya ciyar da yaransa, ya tufatar da su, in lokaci ya yi ya yi musu aure. Shi kuma yaro yana biya da guminsa, a gona da wurin kiɗa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, wannan makaranta tana da nata aibu. Kiɗa a ƙasar Hausa ya ɗauru da roƙo, maroƙi kuwa ana jin daɗin waƙarsa ana kuma tsoron zambonsa, amma ba kowa ke ba shi 'ya ba. Tun a 1957 masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya yi rubutu a kan matsayin maroƙa a cikin al'umma, kuma abin da ya gani shi ne abin da iyayenmu suka sani: ana sa su a sahun ƙasa. Bugu da ƙari, yaron da ke yawon biki daga gari zuwa gari ba kasafai yakan zauna ya yi karatu ba. Wannan tabo shi ne ya bi kiɗa har cikin aji, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Waɗanda suka shigo ba ta gado ba

Ko da yake an ce gado mala, ƙofar ba ta kasance a rufe ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a 1923 a Musawa, tsallaken iyakarmu da Katsina, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. A dandali da wurin tallar goro da alewa ya gwada muryarsa, masu kalangu na gari suka mara masa baya. Wannan ɗalibin dandali shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, Allah ya jiƙansa.

Labarin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Adamu Wayya, watau Ɗanmaraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946, garin 'yan kwadagon kuza. Mahaifinsa, wanda makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe. Abin kiɗan da ya zaɓa, kuntigi, ba ya buƙatar jari: gwangwanin kifi ne da 'yar fata da tsirkiya ɗaya. Da wannan gwangwani ya yi wa karen mota da sauran masu ƙaramin ƙarfi waƙa, ya zaga ƙasashen duniya, har ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. A ɓangaren mata kuma ga Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta koyi kiɗan ƙwarya a cikin taron mata, ta riƙe shi har rasuwarta a 2013. Abin lura a nan shi ne, maraya ya sami mai riƙo, ya sami abin kiɗa mai araha, ya kuma sami masu sauraro. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, da ba mu san sunansa ba.

Waƙa a makarantun addini

Akwai wata hanya da 'ya'yan talakawa suka sami horon murya kyauta, ita ce ta malamai. Shugabannin jihadi sun yi suka ga kiɗan shagala da cakuɗar maza da mata, amma sun riƙi waƙa a matsayin hanyar karantarwa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma naɗa jajis waɗanda ke haddace su su kai wa matan ƙauye. Wannan tsari shi ake kira 'Yan Taru.

A Kano kuwa, yaran unguwa da dama sun koyi riƙe kari da sarrafa numfashi a wurin karatun Ishiriniya da waƙoƙin bege. Marigayi Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya yaɗa bugun bandiri a cikin Ƙadiriyya, kuma matasa kan koye shi a zawiya daga na gaba da su. Da makarantun Islamiyya suka yawaita a birni, sai waƙa ta zama hanyar koyar da tauhidi da tarihi da ladabi. Malamai sun sha bamban a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma wannan magana tasu ce. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, duk inda iyaye suka amince da malami da abin da ake rerawa, sukan saki 'ya'yansu ba gardama.

Zuwan makarantar boko

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗanhausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa. Daga nan ilmin boko ya yi ta bazuwa, amma kiɗan gida bai sami kujera a cikin aji ba. Dalilin a fili yake. Makarantun farko na neman 'ya'yan sarakuna da na malamai ne, kuma babu basaraken da zai yarda a miƙa wa ɗansa kalangu. Abin da ya shigo shi ne badujala irin ta soja da 'yan sanda, wadda ake fitowa da ita ranar fareti, sai kuma waƙoƙin taron safe. A Sabon Gari kuwa, majami'u sun daɗe suna koya wa yaransu rera waƙa cikin ƙungiya da busa ƙaho kyauta. Daga irin wannan reno ne Bala Miller, ɗan wani limamin Kirista na Zariya, ya fito. Shi ne ya tara matasa a Kaduna ya kafa babbar ƙungiya mai waƙa da Hausa a kan kayan kiɗan zamani, ya rasu a 2003.

Gwamnati ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki muryoyin makaɗa masu yawan gaske. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an ba raya al'adu muhimmanci, kuma ƙungiyar Koroso ta yi fice tun shekarun 1970, har yaran unguwanni suka riƙa kafa nasu ƙananan ƙungiyoyi suna kwaikwayonta. An yi bikin FESTAC a 1977, kuma a shekarar ce aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda ta sa kiɗa cikin darussan makaranta. Amma rubutu a takarda daban, aiki daban. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, malaman lissafi da Turanci ma ba su isa ba, balle na kiɗa. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, mu kuwa a nan sai muka ɗauki waƙar a matsayin adabi. Masana irin su Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa wajen adana tarihin makaɗa da nazarin waƙoƙinsu. Da yawa daga cikinmu mun amsa tambaya a kan Narambaɗa a jarrabawar Hausa, amma kaɗan ne suka taɓa riƙe kotso a hannu. Watau mun adana maganar, mun bar hannun da ke buga ta.

Abin da maƙwabtanmu na Nijar suka yi

A Jamhuriyar Nijar an bi wata hanya dabam. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da tsohon tsarin samariya, aka kafa ƙungiyar matasa a kowace unguwa da ƙauye. Waɗannan ƙungiyoyi na da 'yan wasa da mawaƙa, kuma sukan yi gasa daga matakin unguwa har zuwa bikin matasa na ƙasa. Babu shakka gwamnatin soja ta yi amfani da su wajen yaɗa manufofinta, amma ta nan ne ɗan talaka a Maraɗi ko Damagaram ya sami filin koyo ba tare da an kira shi maroƙi ba. Daga baya aka ƙirƙiro gasar kiɗa ta Ɗangurmu a Tawa, sa'an nan a 1989 aka buɗe cibiyar horar da makaɗa a Yamai, aka sa mata sunan marigayi Alhaji Taya.

Mutum biyu da suka yi aiki a wannan cibiya sun isa misali. Na farko Yakubu Mumuni, mutumin Tera, wanda ya baro gida yana yaro bayan rasuwar mahaifinsa, ya yi zaman titi a Yamai, har wata mawaƙiya ta ɗauke shi ta riƙe a gidanta, inda ya koyi busa sarewa. Shi ne jagoran ƙungiyar Mamar Kassey da aka kafa a 1995, wadda ta kai kiɗan Nijar Turai da Amurka. Na biyu Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma mai kiɗan gurmi. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma, wanda a lokacin ya kusa ɓacewa. Malam Barka ya rasu a 2018, amma ya bar biram a faifai, duniya ta ji shi. Da malamin makarantar nan ya ji kunyar durƙusawa gaban tsohon masunci, da an binne biram tare da mai shi.

Wasu ƙasashen duniya

Abin mamaki shi ne, manyan makarantun kiɗa na Turai ma daga gidan marayu suka samo asali. A ƙarni na 16, a birnin Nafoli na Italiya, an kafa gidajen riƙon marayu da ake kira konsabatoriyo, watau wurin adanawa. Ana koya wa yaran kiɗa domin su sami abin yi, kuma wannan suna ne manyan makarantun kiɗa na duniya suka gada. A birnin Benis, shahararren makaɗin nan Antonio Vivaldi ya kama aikin koya wa 'yan mata marayu gogen Turawa a 1703. A Amurka, Louis Armstrong ya taso cikin tsananin talauci, aka kama shi yana ɗan shekara 11 don ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kai shi gidan horon yara. A can wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa ƙaho. Wannan yaro ne ya zama mashahurin mabushin da ya ziyarci Nijeriya a 1960.

A zamanin nan, shirin da ya fi suna shi ne na ƙasar Benezuwela, wanda ake kira El Sistema. A 1975 wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi, José Antonio Abreu, ya fara da matasa 11 a wani garejin ajiye motoci a Karakas. Tsarin mai sauƙi ne: gwamnati na biyan malamai, ana ba yaro aron abin kiɗa, yana zuwa bayan an tashi makaranta, ana koyo a ƙungiya tun ranar farko, manya na koya wa ƙanana. Shirin ya kai ga dubban ɗaruruwan yara, kuma ɗaya daga cikinsu, Gustavo Dudamel, ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Anjalis a 2009. Amma shirin bai tsira daga suka ba. A 2014 wani mai bincike ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya fitar da littafi yana cewa akwai tsanani a horon, kuma ba duka yaran ne 'ya'yan matalauta ba kamar yadda ake yayatawa. An kuma zarge shi da fifita kiɗan Turai, ko da yake daga baya an buɗe wani reshe na kayan kiɗan gargajiyar ƙasar.

A nan Afirka an kafa makarantar Buskaid a Soweto a 1997, da shirin Ghetto Classics a unguwar Korogocho ta Nairobi a 2008. A Legas kuma ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, ta buɗe makaranta, kuma a 2006 gidauniyar kamfanin MTN ta fara ɗaukar nauyin ɗalibanta na difloma. Idan muka duba da kyau, duk waɗannan sun tsaya ne a kan abin da gidan makaɗi ya tsaya: malami da wani ke ciyarwa, abin kiɗa na aro, da babba mai koya wa ƙarami. Bambancin kawai shi ne, yaronsu yana zuwa makaranta da safe, kuma ba a tura shi roƙo.

Zamanin fiyano

Mu koma gida. Tun daga shekarun 1970 abubuwa suka soma canjawa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa sarakuna iko da abin hannu. Gayya ta ja baya, aikin kuɗi da garmar shanu da tarakta suka maye gurbinta. Kaset ya shiga gidan biki, majigi da talabijin suka kwashe yara daga dandali. 'Ya'yan makaɗa da yawa suka shiga boko ko kasuwa, wasu ma ba su son a tuna musu sana'ar gidansu. A daidai wannan lokaci ne matasanmu na karkara suka yi ta kwarara birni ci-rani, da yawa kuma ba su dawo ba. 'Ya'yansu suka tashi a unguwanni masu cunkoso irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Birget, inda babu filin gaɗa, babu kuma gidan makaɗi a kusa.

Sai dai sha'awar kiɗa ba ta mutu ba, hanya ta sake. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kuma kafin shekara goma sana'ar fim ta bunƙasa, waƙa ta zama gishirinta. Ɗakunan ɗaukar waƙa suka cika titin Gidan Zu da kewaye, kowanne da fiyano ƙirar Yamaha, daga baya kuma kwamfuta. Abin sha'awa shi ne, tsohon tsarin nan ne ya dawo cikin sabuwar riga. Yaro kan fara da shara da zuwa aike, ya zauna bayan mai fiyano yana kallon yatsunsa, a ba shi amshi, wata rana a bar shi ya taɓa. Mawaƙa da makaɗan zamani masu yawa ta nan suka fito, kuma sana'ar na ciyar da gidaje da dama.

Amma akwai hasara iri biyu. Ta farko, fiyano ɗaya na kwaikwayon kalangu da sarewa da algaita, don haka mai waƙa ba ya buƙatar masu su, kuma abin da ba a nema ba a koyonsa. Masu gurmi irin marigayi Haruna Uji da masu kukuma irin marigayi Garba Sufa sun yi ƙaranci ƙwarai. Ta biyu, uban kiɗa na da, komai aibunsa, yana da alhakin ci da tarbiyyar yaronsa, kuma gari ya san shi. Yaron ɗakin waƙa kuwa sau da yawa babu mai tambayar inda ya kwana ko ya je makaranta. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 don ta duba abin da ake fitarwa, amma tacewa daban, koyarwa daban.

Kammalawa

A taƙaice, 'yan uwa, tarihin nan ya nuna mana cewa koyar da ɗan talaka kiɗa kyauta ba sabon abu ba ne a wurinmu, kuma kyautar ba daga sama take faɗowa ba. Kullum akwai mai biya: sarki ne, ko manomi, ko malamin zawiya, ko gwamnati, ko wata gidauniya. Da masu biyan na da suka janye, makarantar boko ba ta karɓa ba, domin tana ƙyamar tabon roƙo, sai aka bar yaran birni su nema da kansu.

A cikinmu akwai shugabannin makarantu, da jami'an ilmi, da masu sarauta, da malaman addini. Tun 2007 manhajar ilmin bai-ɗaya ta tanadi darasin al'adu da fasaha, wanda kiɗa ke cikinsa, don haka ba sai an nemi sabuwar doka ba. Har yanzu kuma akwai tsofaffin masu kalangu da gangar noma da sarewa a ƙauyukanmu da cikin birni. In makaranta ta gayyaci ɗaya daga cikinsu sau ɗaya a mako, ta biya shi haƙƙinsa a matsayin malami, iyaye suka san abin da ake rerawa, aka kuma kiyaye lokacin salla da na karatu, to an raba sana'ar da roƙo ke nan. Kayan ba su da tsada, domin ƙoƙo ne da fata da kara. Abin da ke da tsada shi ne tsofaffin nan, waɗanda kullum raguwa suke yi, kuma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya, ya shirya mana zuriya. Wassalam.